Daga Alƙalamin Fada Zuwa Burauza: Yadda Damagaram Ta Samu Ikon Wallafa Labarinta

Damagaram ba ta taɓa rasa masu rubutu ba. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a Zango, garin yana da malamai masu alƙalami da tawada, da alƙalai masu rubuta hukunci, da fatake masu ajiye lissafin bashi a takarda. Abin da ya daɗe yana ba ta wahala shi ne hanyar da rubutun zai bi ya kai ga jama'a. A kowane zamani sai an samu wani a tsakanin mai magana da mai karatu: da fari fada, sannan ofishin Bature, sannan maɗaba'un Yamai, daga bisani kuma gwanin kwamfuta. Manhajojin da ake gyara shafin intanet da su ta cikin burauza su ne suka fara kawar da wannan na tsakiyar. Kafin a gane girman abin da suka kawo, sai an waiwayi inda aka fito.

Zamanin takarda da manzo

A ƙarni na 19, musamman a mulkin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta zama babbar daula. Shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, a zamaninsa aka ƙera igwa a cikin garin, kuma fatauci ya bunƙasa tsakanin Kano da Agadas da Ghat har Tarabulus. Daula irin wannan ba ta tafiya sai da wasiƙa. Malaman fada suna rubutawa da Larabci, a buga hatimi, a damƙa wa manzo ya hau doki zuwa Kukawa wurin Shehun Barno, ko a ba madugu ya ratsa sahara da ita. Ita kanta takardar baƙuwa ce. Yawancinta daga Italiya ake kawo ta, mai alamar jinjirin wata uku, ta biyo Tarabulus a bayan raƙumi.

Saurin saƙo a lokacin shi ne saurin dabbar da ta ɗauko shi. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Zinder, wato birnin Damagaram, a ƙarshen Disamban 1852, ya yi kusan wata guda a garin yana dakon kuɗi da saƙo daga arewa kafin ya kama hanyar Katsina. Littafi kuwa da hannu ake kwafe shi, kowane kwafi da makonninsa. Idan an yi kuskure a wasiƙar da ta riga ta tafi, gyaranta sai an tashi wani manzon. Talaka yana samun labari ne daga bakin mai shela, ko a kasuwa, ko a masallacin Juma'a, ko a waƙar makaɗan fada.

Maɗaba'a tana nesa

Sojojin Faransa sun ci Zinder a 1899, bayan yaƙin Tirmini, a zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Daga 1911 zuwa 1926 garin ne hedikwatar mulkin mallaka na Nijar. Turawa sun zo da keken rubutu da wayar tangaraho da lakwal, amma duk a harshen Faransanci, kuma domin aikin mulkinsu. Da aka mayar da hedikwata Yamai a 1926, sai manyan ofisoshi suka bi ta, daga baya maɗaba'a da gidan rediyo da jaridun gwamnati duk suka kafu a can, tazarar kusan kilomita 900 daga Damagaram. A ƙetaren iyaka, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, ta nuna cewa Hausa na iya ɗaukar jarida. A wannan ɓangaren kuwa, an daɗe jarida tana nufin Faransanci.

Rediyo ne ya fara rage wannan giɓi. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel, kuma daga Zinder ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta su Yazi Dogo ta yi tashe har ƙasar duka ta san ta. A 1990 jaridar Haske, ta farko mai zaman kanta, ta fito a Yamai. A 1991 aka yi babban taron ƙasa, wanda ɗan Damagaram, masanin tarihi André Salifou, ya shugabanta. Bayan taron aka saki bakin 'yan jarida, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe, har suka kafa rassa a Zinder. Wannan ci gaba ne babba, sai dai yana da iyaka. Murya tana kai wa kowa, mai ilimin boko da marar shi, amma da an gama shiri ta wuce, wanda bai saurara ba ya rasa. Jaridar takarda kuma tana ajiyuwa, amma sai ta biyo motar safa daga Yamai, ta iso bayan labarin ya kwana.

Shafi a hannun gwani

A 1989 Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. Burauzar farko da ya rubuta a 1990 tana yin aiki biyu: ana karanta shafi da ita, ana kuma gyara shi. Nufinsa tun farko ke nan, kowa ya zama mai karatu kuma mai rubutu. Amma burauzojin da suka yaɗu a duniya, Mosaic a 1993 da Netscape a 1994, sun ɗauki karatun suka bar rubutun. Daga nan gina shafi ya zama sana'ar masu sani. Sai mutum ya iya harshen HTML, ya rubuta kowane shafi a matsayin fayil mai zaman kansa, ya aika shi zuwa babbar kwamfutar ajiya ta wata hanya da ake kira FTP. Manhajoji irin su FrontPage da Dreamweaver sun sauƙaƙa aikin, amma sai an saye su, an girka su a kan kwamfuta guda, kuma fayilolin shafin suna zaune ne a cikin wannan kwamfutar.

Nijar ta samu alamar adireshinta ta .ne a 1996, intanet ya shigo ta hannun kamfanin sadarwa na gwamnati, Sonitel, ya fara da Yamai. Sai a shekarun 2000 shagunan siber suka yawaita a manyan garuruwan jihohi, ciki har da Zinder, inda ɗalibai da ma'aikata ke biyan kuɗin awa guda su duba wasiƙunsu a kan layi mai tafiyar hawainiya. A wannan zamani, ƙungiya ko makaranta ko ofishin da ke son shafi sai ta nemi gwani, galibi a Yamai ko a ƙasar waje, galibi kuma da kuɗin wani shirin agaji. Ranar buɗewa shafin yana da kyau. Bayan wata shida ana son sauya lambar waya ko sunan sabon shugaba, sai a ga babu mai iyawa. A kira gwani, yana da wani aikin. Shirin agaji ya ƙare, kuɗin biyansa ya ƙare. Haka shafuka da yawa a Afirka ta Yamma suka sandare a kan labarin shekarar da aka buɗe su, har wa'adin adireshinsu ya cika suka ɓace.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin tasa matsalar. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, ba sa cikin tsofaffin tsare-tsaren haruffa na kwamfuta. Mutum ya girka wani nau'in rubutu na musamman ya buga takardarsa daidai, da ta je wata kwamfutar sai ta fito da akwatuna da alamun tambaya. Shi ya sa da yawa suka haƙura da lanƙwasa, suka bar mai karatu ya yi ta lalube tsakanin kafa da ƙafa.

Burauza ta koma wurin rubutu

Mafita ta zo a hankali. A 1995 Ward Cunningham ya ƙirƙiro wiki, shafin da mai karatu zai latsa maɓalli ya gyara shi nan take. A 2001 aka buɗe Wikipedia a kan wannan tsari. A shekarar ce kuma Drupal ta fito daga Beljiyam, SPIP ta fito daga Faransa ta samu karɓuwa a ƙasashe masu amfani da Faransanci. A watan Mayun 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka saki WordPress, Joomla ta biyo baya a 2005. Dukkansu kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. A yau WordPress kaɗai tana ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya.

Dabarar da ke cikinsu ba ta da wuyar fahimta. An raba abin da aka rubuta da siffar da zai fito a cikinta. Rubutu da hotuna da sauti suna zaune a rumbun bayanai a kan babbar kwamfutar ajiya, siffar shafi kuma, wato launi da jeri da girman haruffa, tana gefe guda. Duk lokacin da mai karatu ya nemi shafi, manhajar ce ke haɗa biyun ta miƙa masa. Mai rubutu ba ruwansa da wannan aikin. Zai buɗe burauza, ya sa sunansa da kalmar sirri, ya ga fili fari kamar na rubuta wasiƙa, ya rubuta, ya latsa maɓallin wallafa. Aikin gwani ya koma na kafawa da tsaro da gyaran manyan matsaloli, aikin yau da kullum ya dawo hannun mai shafi.

Haɗuwa da wayar hannu

Da a ce sai da kwamfuta ake wannan aiki, da amfaninsa a Damagaram bai wuce 'yan ofisoshi ba. Wayar salula ce ta faɗaɗa shi. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta zama Zain, ta zama Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008, daga baya ta koma Zamani Telecom. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom. Rezo ya ƙaru daga na kira da saƙo zuwa 3G da 4G, wayoyin Android masu araha suka cika kasuwa, kuma kowace tana ɗauke da burauza. Aikin shimfiɗa wayar gilashi da ke ratsa sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, yana da reshe daga Zinder zuwa Magarya har iyakar Najeriya. A 2010 aka kafa Jami'ar Zinder, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, garin ya samu matasa masu ilimin kwamfuta da ba sai sun je Yamai ba.

A irin yanayin Damagaram ne amfanin wannan tsari ya fi fitowa fili. Na farko, shafi ba ya rataye a kan na'ura guda. Ƙurar hunturu da zafin bazara da ƙwayar cutar kwamfuta da ake ɗaukowa a kile, wato filashi, suna kashe na'urori da wuri. A tsohon tsari, mutuwar kwamfutar ofis na iya zama mutuwar shafin. A sabon tsari, mutum ya ari wayar abokin aikinsa ya shiga ya ci gaba daga inda ya tsaya. Haka batun wuta. Zinder da Maraɗi sun daɗe suna dogara ga lantarkin da ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da aka yanke shi saboda takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Shafin da ke zaune a cibiyar ajiya yana nan a buɗe ko da unguwar mai shi tana cikin duhu, kuma waya mai caji ta isa a sabunta shi.

Na biyu, yana ba da damar raba aiki. Jihar Zinder ta fi kowace jiha a Nijar yawan jama'a, ƙidayar 2012 ta ba ta fiye da mutum miliyan 3.5, kuma faɗinta ya kama daga Magarya da Dungas a kudu zuwa Tanut da Tasker a arewa. A ɗauki misalin gidan rediyo mai wakilai a Gure da Mirriya da Matamai. Manhajar tana ba kowa matsayinsa: wakili ya rubuta ya ajiye amma ba shi da ikon wallafawa, edita a Zinder ya duba ya gyara ya saki, shugaba kuma shi ke ba da izinin shiga ko ya janye shi. Idan ma'aikaci ya bar aiki, a rufe sunansa kawai, ba ya tafiya da shafin a aljihunsa. Da irin wannan tsari ne kafofi kamar Kamfanin Dillancin Labarai na Nijar da jaridar Le Sahel ke fitar da rahoton wakilansu na jihohi a ranar da aka rubuta shi, Studio Kalangou kuma, da ta fara a 2016, take ajiye shirye-shiryenta na Hausa da sauran harsunan ƙasa inda mai so zai koma ya saurara.

Na uku, gyara ya zama mai sauƙi kuma mai shaida. Kuskuren kwanan wata a sanarwar jarrabawa ko kuskuren suna a ta'aziyya ana gyara shi cikin minti guda. Manhajar tana ajiye tsofaffin kwafi, ana ganin wanda ya sauya abu da lokacin da ya sauya shi, ana kuma iya komawa baya. Ga ofishin magajin gari ko ƙungiyar manoma, wannan ya wuce sauƙin aiki, ya shiga batun riƙon amana.

Na huɗu, haruffanmu sun samu mazauni. Waɗannan manhajoji suna aiki da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin. Abin da aka rubuta da ƙ a Birni zai fito da ƙ a Kano da Akara da Jidda. Haruffan Larabci ma suna ciki, tare da ƙarin alamun da ake buƙata domin ajami. Allon rubutun Hausa kuma yana samuwa a wayoyin Android kyauta. Mai zubar da lanƙwasa a yau ba shi da uzurin na'ura.

Na biyar, kuma a ganina shi ne mafi girma, shafi yana tara tarihi. Kowane rubutu yana da adireshinsa da ranarsa da rukuninsa, ana iya neman sa da kalma ɗaya bayan shekara goma. Abin da rediyo bai iya ba ke nan, abin da jaridar da gara ta cinye ba ta iya ba.

Abin da bai warware ba

Ba daidai ba ne a ce matsala ta ƙare. Burauza ba ta aiki sai da intanet, kuma a watan Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet na wayar hannu a Nijar har kwana goma. Kuɗin data yana da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, ƙauyuka da yawa rezonsu bai da ƙarfi, kuma yawancin manya a karkara ba sa karanta boko, don haka dole shafi ya haɗa rubutu da murya. Farin jinin WordPress ya sa ɓarayin intanet suka fi kai mata hari, kuma shafin da ba a sabunta manhajarsa, ko wanda ma'aikata biyar ke shiga da kalmar sirri guda, yana cikin haɗari. Adireshi da wurin ajiya ana biyan su duk shekara, mantuwa ɗaya na iya jawo asarar aikin shekaru. Sannan sauƙin wallafawa bai sauke nauyin tantance gaskiya ba. Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun 2019, kuma ko babu doka, ƙarya a rubuce ta fi ta baki daɗewa.

Babban ƙalubalen ma daga wani wuri ya fito. Facebook da WhatsApp da TikTok sun fi kowace manhajar shafi sauƙi, kuma a can jama'a suke. Shi ya sa makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa da yawa suka tsallake zancen shafi gaba ɗaya, suka zauna a can. Amfaninsu ba ya musantuwa, amma zama a cikinsu kamar kama rumfar haya ne a Kasuwar Dole ta Zinder: akwai ciniki, akwai jama'a, sai dai mai rumfa na iya sauya sharaɗi ko ya rufe ƙofa ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Ko a ranar da suke aiki lafiya, sanarwar bara ta nutse a ƙarƙashin dubban hotuna, saƙon murya kuma yana mutuwa tare da wayar da ta lalace. Hanya mafi kyau ita ce a wallafa a shafin kai, a aika mahaɗinsa zuwa waɗannan dandali.

Aikin da ke gabanmu

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka tana ba harshe matsayi, amma rubutu ne ke ba shi nauyi. Ɗalibin da ya nemi tarihin Damagaram a wayarsa yau zai fi samun sa da Faransanci ko Ingilishi, daga alƙalamin baƙi. Littafin da André Salifou ya wallafa a 1971 kan daular a ƙarni na 19 ma da Faransanci yake. Alhali jerin sarakuna da sarautun fada, da waƙoƙin Mu'azu Ɗan Alalo, da bayanin hawan salla da hawan ƙaho, da sirrin jima da dukancin Zinder, da littattafan da ke cikin gafakar malaman Birni, duk suna nan a hannun mutanen da shekaru ke cim musu.

Saboda haka kiran yana kan kowa da gwargwadon ikonsa. Fada ta buɗe shafin da za ta ajiye tarihinta da sanarwarta da Hausa. Gidajen rediyo su riƙa ɗora shirye-shiryensu tare da taƙaitaccen rubutu, kada su goge kaset da fayil don neman wuri. Jami'a da makarantun koyon sana'a su koya wa ɗalibai kafa shafi da tsaronsa, su tura su su taimaki ofisoshin gundumomi da ƙungiyoyin mata da na masu sana'ar hannu. Duk wanda zai ba gwani aikin gina shafi ya kafa sharuɗɗa uku tun farko: a yi rajistar adireshin da sunan ƙungiyar, a miƙa kalmar sirrin shugabanci ga mutum biyu amintattu daga cikinta, a kuma koya wa ma'aikatanta wallafawa da ɗaukar kwafin ajiya kafin a biya kuɗin ƙarshe. Kayan aikin kyauta ne, wayar tana hannunmu, masu ilimin suna cikin gari. 'Yan Damagaram, mu rubuta labarinmu da harshenmu, mu ajiye shi a shafin da muke da iko da shi.